Halidu Tela da Zaren da Ke Saƙa Kansa

Duk wanda ya saba bi ta layinmu na Banifandou da safe ya san ƙarar keken Halidu. Tun masu shayi ba su gama hura wuta ba za ka ji ta, kacar-kacar, kuma ba ta tsayawa sai an kira azahar. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Balkisa, mai kayan yaji a bakin Petit Marché. Gara in faɗa muku tun yanzu, ni ba ni da haƙuri irin nasa, don haka idan kun ji muryata ta hau ku yi mini uzuri.

Daga Madawa ya zo Yamai yana saurayi, da baƙin keken ɗinki na ƙafa a ɗaure bisa kan mota. Da wannan keke ya yi aure, da shi ya gina ɗaki biyu da shago, da shi ya kawo ni birni lokacin da mijina ya rasu. Da teloli suka koma keken lantarki, shi ko kallonsu bai yi ba. Idan aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, layin ya yi tsit, sai ka ji nasa shi kaɗai yana ta aiki, yana yi wa maƙwabta tsiya wai ƙafarsa ba a ɗauke ta. Ƙafar dama ce, ita ke taka ƙarfen, ta hagu kuwa ƴar rakiya ce kawai.

Yana da wata ƙa'ida da ba ya karyawa, ko da gobe salla ce. Ba ya ba mutum ɗinki sai ya zo ese. Kalmar Faransanci ce, haka telolin garin nan suke faɗa: ranar da mai kaya zai zo ya saka a gwada. Kuma Halidu ba ya kiran mutum ese sai ya yanka, ya harhaɗa da farin zare, abin da ya rage bai wuce a gyara wuya ko a rage hannu ba. Kowa a unguwa ya san haka. In aka ce maka Halidu na kiranka ese, to ka fara neman hula, rigarka ta kusa shiga hannunka.

Wanda ake aika ya kira mutanen, shekara da shekaru, shi ne Abdoulkarim. Ɗan babban yayanmu ne, Isaka direba, wanda ya rasu a hanyar Dosso yaron bai fara lakwal ba, wato makarantar boko. Allah bai ba Halidu da matarsa Hadiyya haihuwa ba, sai suka ɗauke shi, kuma bai taɓa kiran Halidu da wani suna ba sai Baba. A ƙarƙashin teburin yanka ya yi karatunsa, cikin ƙyallayen shadda. Kansa na ja, wannan ba zan ƙi faɗa ba ko da ina fushi da shi. Ya gama jami'a a nan, ya samu bursu, wato tallafin karatu, ya tafi Faransa. Ranar da zai tafi Halidu ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba.

Ciwon suga ya daɗe a jikin Halidu, yana shan magani in ya tuna. Gyambon ya fara ne daga ɗan abu kaɗan, ƙarfen keken ne ya goge masa ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama, kuma masu wannan ciwo ba sa jin zafi a ƙafa, sai da Hadiyya ta ga jini a takalmi. Ya riƙa zuwa ana yi masa pansama, wato a wanke ciwon a ɗaure, ya dawo ya hau keke. Ciwon bai warke ba, bai kuma yi muni ba. A haka Abdoulkarim ya zo hutu ya same shi.

Na tuna ranar sosai, domin ni na kawo musu abinci shago. Yaro ya yi ƙiba, ya sa tabarau, Hausar tasa ta fara cakuɗewa da Faransanci. Halidu ya matsa masa sai ya faɗa masa, da bakin da zai gane, aikin me yake yi a can. Sai yaron ya ciro wata ƴar kwalba daga jakarsa, ba ta kai yatsana ba, da ruwa garau a ciki. Ya ce a cikin ruwan akwai wasu abubuwa da ake kira peptid, ƴan guntayen abin da aka gina naman jikinmu da shi. Su a labo, wato ɗakin da suke bincike, suna jera su yadda suka ga dama, kamar mai jera duwatsun wuya: wannan mai son ruwa, na kusa da shi mai gudun ruwa, haka har su gama. Idan jerin ya yi daidai, ba sai an taɓa su ba. Da kansu za su nemi juna, su manne, su zama zare wanda gashin kai ya fi shi kauri sau dubbai, zaren kuma ya saƙa kansa ya zama raga. Ya ce idan aka zuba shi a gyambo, sabon nama zai samu abin kamawa ya bi ya rufe ramin.

Ni dai na ce a raina ƙaryar ƴan boko ce. Sai ya ɗiga ruwan gishiri a kwalbar, ya ajiye ta bisa teburin yanka, muka ci abinci. Da muka gama ya ɗauka ya kifa ta, baki ƙasa. Ruwan bai zube ba. Ya daskare kamar romon ƙafar sa da ya huce.

Ban taɓa ganin fuskar Halidu haka ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zura zare a allura, yau an nuna masa zaren da ke saƙa kansa, kuma ɗansa ne ya yi. Ya karɓi kwalbar da hannu biyu, ya ɗaga ta wajen haske, ya yi ta salati. Can sai ya fara kwance bandejin ƙafarsa.

Abdoulkarim ya riƙe masa hannu yana dariya. "Ba yanzu ba, Baba. Muna kan ese tukuna."

"Ese?" in ji Halidu. "To ai an gama ke nan. Saura wuya da hannu."

Ina zaune, da kunnena na ji. Yaron ya sake yin dariya, ya mai da kwalbar cikin jaka, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Daga baya ne na san cewa ese ɗin su daban yake da namu, gwaji ne a kan ɓeraye, kuma tsakaninsa da jikin ɗan Adam akwai shekaru masu yawa, in ma an dace. Ni ban sani ba, Halidu bai sani ba. Amma wanda ya girma a ƙarƙashin teburin nan, wanda ya yi ta zaga Banifandou yana ƙwanƙwasa ƙofofi yana cewa Baba na kira ese, shi kam ya san abin da ya shiga kunnen tsohon.

Kafin ya koma ya ba ni aiki. Ya ce kowace Juma'a in ɗauki hoton gyambon da talho ɗina, wayar hannu ke nan, in tura masa, kuma in shimfiɗa santimetir ɗin Halidu, abin awonsa na ɗinki, a gefen ciwon don a ga girmansa. Wannan ne ya ƙarasa kashe mu. A wajen tela, ba a auna mutum sai za a ɗinka masa. Halidu da kansa yake miƙa santimetir ɗin, yana gyara shi kada ya karkace, yana cewa in ɗauka da kyau kada a yanka masa magani ba daidai da shi ba. Shi kuma ya sayi shadda mai tsada, fara ƙal, ya yanka wa Abdoulkarim babbar riga da zai saka ranar da za a ba shi digirin dokta. Ya harhaɗa ta da farin zare ya rataye a ƙusa, tana jiran mai ita ya zo ese.

Gyambon ya ci gaba da cin ciki. Kafin azumi yatsan ya fara baƙi. Likitan da ke duba shi, mutumin kirki ne, ya zaunar da mu ya ce a bari ya cire yatsan yanzu, ƙafa za ta tsira, zai ma iya komawa kekensa. Halidu ya gode masa, ya ce yana da ɗa a Faransa da ke haɗa masa magani, an kusa gamawa. Likita ya ce bai san wani magani da zai ta da mataccen nama ba. Halidu ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da wani bai sani ba, ya ɗauki sandarsa muka fito.

A ranar nan na kira Abdoulkarim a gabansa, na buɗe murya kowa na ji. Halidu ya faɗa masa duk abin da likita ya ce, ya kuma ce ya ƙi, zai jira. Sannan yaron ya ce Allah ya sawwaƙe, a dai ci gaba da pansama, a riƙa bin shawarar likitoci, kuma Gwaggo kada ta manta da hoton Juma'a. Shi ke nan. Bai ce jira ba, wannan gaskiya ne, kuma ya sha maimaita mini ita daga baya. Amma bai ce kada ka jira ba, kuma ita kaɗai ce maganar da za ta ɗaga Halidu daga kujera.

Hadiyya ta yi kuka, ni na yi masifa, maƙwabta Zabarmawa suka yi ta cewa kala suuru, sai haƙuri. Halidu ya naɗe ƙafar da tsumma ya ɗinka kayan sallar mutane duka. Wari ya fara fita, ya riƙa kunna turare a shago. Idan na ce masa Yaya, wannan ƙafa fa ruɓewa take yi, sai ya ce ni dama tun ina ƙarama ban iya jira ba.

Bayan ƙaramar salla wani bidiyo ya shigo talho ɗin mutane, aka yi ta turo mana. Abdoulkarim ne a kan dandamali, cikin kwat, yana jawabi da Faransanci a gaban Turawa, wai gasar matasa masu bincike ce kuma shi ya zo na ɗaya. A bayansa akwai babban allo. A allon, ga ƙafar Halidu, girmanta ya fi ƙofar shago, ga santimetir ɗinsa mai ruwan ɗorawa a gefe, har tabarmar ɗakin Hadiyya ana gani. Hoto na bin hoto, ramin na ƙara faɗi. A ƙarshe Turawa suka miƙe suna tafi, wata mata tana share hawaye.

Faransancin Halidu na kasuwa ne, na lissafi da gaisuwa, nawa ma bai kai nasa ba. Abin da ya gani shi ne awonsa ya isa inda ake ɗinkin. Duk wanda ya shigo shago sai ya nuna masa: ga ƙafata a ƙasar Turawa, ga ɗana. Waɗanda suka ji abin da ake faɗa a ciki suka yi ta cewa madalla suna sulalewa, ba wanda ya yi ƙarfin halin buɗe baki. Sai Halimatou, wata malamar lakwal da ke kawo ɗinkin mijinta. Ita ma a gabansa ba ta ce komai ba. Washegari ta zo har rumfata, ta tsaya kamar mai sayen citta, ba ta saya ba. Ta ce in ba ta faɗa mini ba, ba za ta iya cin abinci ba.

Na bar kayana a hannun maƙwabciya, na ja ta muka shiga taksi. A shago na ce ta maimaita a gabansa, kada ta sassauta ko kalma ɗaya. Ta kunna bidiyon, tana tsayarwa tana fassarawa. Yaron ya yi bayanin zarensa da kyau, yadda suke tsara shi, yadda ya rufe ciwo a jikin ɓeraye. Ya ce kafin a yarda a sa shi a jikin mutum za a yi shekara goma ko fiye. Sannan ya juya ya nuna allon.

"Ya ce: wannan ƙafar mahaifina ce, tela ne a Yamai," in ji Halimatou. "Ya ce: ya yi imani da aikina, yana jirana. Amma wannan magani ba zai riske shi ba."

Halidu ya ce ta sake. Ta sake. Ya tambaye ta yaushe aka yi taron, ta duba rubutun da ke ƙasa ta faɗa masa. Kafin azumi ne, kafin ranar da na kira shi a talho ana maganar yatsa ɗaya.

Ni a nan na zube. Wallahi ban san abin da na faɗa ba, na dai san mutanen layi sun taru. Hotunan nan da hannuna na ɗauke su, ina toshe hanci, ina cewa Yaya ɗan karkato ta wajen haske, ina zaton magani muke saya da su, ashe tafi muke saya wa wani. Turawan da ba su san mu ba sun san gaskiyar ƙafar Halidu, har sun yi mata kuka sun koma gidajensu, mai ƙafar yana nan yana kunna turare. Halidu ya naɗe santimetir ɗin a yatsunsa kamar yadda yake yi idan ya tashi aiki, ya sa a aljihu, ya ce a kira taksi.

A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Amma ciwon ya riga ya wuce idon sawu. A ƙasa da gwiwa suka yanke.

Abdoulkarim ya zo bayan rauni ya fara kamewa. Ya zo da kwali babba, sabon keken lantarki a ciki, wai irin wanda ake dannawa da gwiwa ne. Ni na tare shi a ƙofa, kuma abin da na faɗa masa ba zan maimaita ba, don ba na alfahari da bakina. Ya yi kuka. Ya ce bai taɓa yin ƙarya ba, ya ce bai so ya kashe wa Baba fata ba ne, ya ce ya zaci likitoci za su shawo kansa, ya ce jawabin nan ne ya samo wa labo ɗinsu tallafin da wata rana zai ceci ƙafafun dubban mutane. Mai yiwuwa haka ne. Ni ƙafa ɗaya na sani, kuma an binne ta.

Halidu ya aiko a ce ya shigo. Yana zaune a shago a kan kujerar roba, wandonsa a naɗe an soke da fil. Ya amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyin can. Sannan ya nuna rigar da ke rataye a ƙusa, ta yi ƙura a kafaɗu, ya ce ya saka. Yaron ya saka. Halidu ya ce ya matso, ya sunkuyo, tun da shi ba ya iya tashi. Ya duba wuya, ya ja hannu, ya sa alli a wuri biyu, fil a bakinsa kamar kullum.

Abdoulkarim ya durƙusa a cikin rigar. "Baba, ni ban taɓa ce maka ka jira ba."

Halidu ya cire fil ɗin daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya soke su a hannun rigarsa.

"A shagon nan ka girma," ya ce. "Kai nake aika ka kira mutane ese."

Sannan ya ce ya tuɓe a hankali kada zaren ya warware.

Na zaci zai yar da rigar, ko ya bar ta a ƙusa har ta ruɓe, kuma da ni ce da na kai ta kasuwa na ƙulla barkono da ita. Amma ya zauna ya ɗinke ta da hannu, da allura, tun daga wuya har ƙasa, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan koyo a Madawa. Na yi masa faɗa, na ce wanda ya cuce ka za ka yi wa ado? Ya ce shi bai taɓa kiran mutum ese ya hana shi kayansa ba, kuma ba zai fara don wani ya koya masa ba. Da ya gama, Hadiyya ta goge, ya ninke, ya ba ni ya ce in kai wa mai ita a masaukinsa. Na tambaye shi ko akwai saƙo. Ya ce babu, kaya ne, an gama.

Na ga hoton ranar digirin a talho ɗin mutane. Rigar ta zauna masa ɗas. Halidu ya ƙi kallo.

Yanzu yana zama a ƙofar shago yana sa maɓalli da ƙananan gyare-gyare na hannu. Baƙin keken na ciki, Hadiyya ta lulluɓe shi da tsohon zane. Layin ya yi shiru da safe, har masu shayi suna cewa sun daina sanin lokaci. Kowace Juma'a talho ɗinsa na ƙara, lambar Faransa, yana kallonsa har ya katse. Keken lantarkin bai fita daga kwalinsa ba. Likita ya ce ya riƙa ɗaga dungun kada ya kumbura, sai Halidu ya ga tsayin kwalin ya yi masa daidai, a kansa yake ɗora shi.